Ranar da Na Raba Rake da Rula

Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba aka tura ni koyarwa wata ƙaramar firamare a wani ƙauye tsakanin Kudan da Taba. Fitowata ke nan daga kwalejin horon malamai. Na iso da akwatin ƙarfe ɗaya wanda littattafan cikinsa suka fi tufafin yawa, da wata rular katako mai tsawon ƙafa guda da nake riƙewa duk inda za ni, kamar sandar girma. Ni ɗan birnin Zariya ne. Duk abin da na sani game da noma a littafi na karanta shi, na kuma ci jarrabawarsa da maki mai kyau, abin da ya ƙara lalata al'amarin.

Hedimastan makarantar dattijo ne, ya fara koyarwa tun kafin a yaye ni. Ba ya gardama da kowa. Duk abin da ka kawo masa sai ya ce, "To, madalla." Sai da na yi watanni kafin na gane madallarsa iri uku ce. Akwai ta jin magana kawai, akwai ta wanda ya hango ramin da za ka faɗa ya bar ka ka je ka gani da idonka, akwai kuma ta yabo, wadda aka ce akan yi shekara ba a ji ta ba. Yana kirana "Malam ƙarami", ni kuma ina ce masa "ranka ya daɗe".

Aji huɗu ya ba ni, ajin ƙarshe a makarantar. Daga nan sai babbar firamare, ita kuwa sai da jarrabawa ake shiga, kuma ba kowane yaro ake kai sunansa ba. Malamin aji ke rubuta sunayen waɗanda za su zauna, hedimasta ya sa hannu.

A shekarar ne ofishin ilimi ya aiko da sabuwar manhaja. Tunda ƙasa ta zama tamu, aka ce dole yara su san yadda ake zama ɗan ƙasa, aka ware rabin awa duk ranar Alhamis. A cikin batutuwan akwai wani mai dogon suna na Turanci. Hedimasta ya ɗaga takardar ya nisanta ta da idonsa, ya karanta sau biyu, ya ce a Hausance dai adalci ne a zaman jama'a.

"Kai da ka baro littafi jiya, kai za ka koyar da shi," in ji shi. "Mu namu adalcin ya tsufa, ba ya cikin manhaja."

Mako guda na yi ina bincike a akwatina. Na karanta abin da mutanen dā suka ce, na karanta abin da na yanzu suka ce, na matse su duka suka koma jimla ɗaya. Ranar Alhamis na rubuta ta a saman allo da mafi kyawun rubutuna: Adalci shi ne a yi wa kowa daidai da kowa. Na sa yara suka maimaita har sai da tattabarun da ke kan rufin suka tashi. Na zagaye jimlar da layi, da rula, na ce kada wanda ya goge.

Kuma ban tsaya a allo ba, don ni mutum ne mai son aiki da abin da ya koyar. Na kafa doka. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a jikin ɗorawa. Na ce da zarar an buga shi, duk wanda ya shigo daga baya ya makara, ko ɗan wane ne, kuma zan sa masa alama a rajista. Wanda alamominsa suka wuce goma a zango, ba zan kai sunansa jarrabawa ba. Ɗan maigari ya makara sau ɗaya, na sa masa alama a gaban kowa, na yi kwana uku ina jin kaina kamar alƙalin alƙalai.

Akwai wata yarinya a ajin, 'yar Fulanin wata ruga da ke hayin rafi. Ita kaɗai ce daga rugar. Siririya ce, ba ta da yawan magana, amma in na ba da lissafi sai ta gama ta kife allonta ta zauna tana kallon taga, ni kuwa ina can ina duba amsar a bayan littafi. Ba ta taɓa isowa kafin ƙararrawa ba. Kullum sai an gama shara, an yi layi, an shiga aji, sannan ta bayyana a bakin ƙofa, ƙafafunta jiƙe, ta durƙusa ta gaishe ni. Ni kuma in amsa gaisuwar da fara'a, in buɗe rajista in sa alama. Kafin tsakiyar zango ta wuce goma, ta wuce ashirin, layin sunanta ya zama kamar shinge.

Wata ranar kasuwa mahaifinta ya biyo makaranta. Dogo ne, da sanda a kafaɗa. Muka gaisa, muka tambayi gida da shanu da ruwa, sannan ya zo kan magana.

"Malam, an ce akwai wata makarantar gaba da wannan."

Na ce akwai.

"To, ni dai ban hana ba. In ta wuce, ta wuce. In ba ta wuce ba, shanu suna nan, ba su ƙi ta ba. Amma ba zan sake ba da shekara ɗaya ba, uwarta ta gaji da aikin mutum biyu."

Na yi masa bayanin dokata dalla-dalla, har da jimlar da ke allo. Ya saurara da ladabi irin na wanda ake karanta wa wasiƙar wani. Da na gama ya ce, "Allah ya taimaki Malam," ya tafi.

Hedimasta yana zaune a inuwa yana gyara igiyar ƙararrawa, duk ya ji.

"Malam ƙarami, yarinyar nan ba ita ce mai lissafin nan ba?"

"Ita ce, ranka ya daɗe. Amma in na ɗaga mata, me zan ce wa ɗan maigari? Doka ba ta san fuska ba."

"To, madalla," in ji shi. A lokacin ban iya bambance su ba, na ɗauka ta yabo ce.

Makarantar tana da 'yar gonar rake a bakin fadama. A wannan yanki rake ba abin marmari ba ne, sana'a ce. Da ruwa ya ɗauke, duk inda ka juya za ka ji ƙamshin ruwan rake a kan wuta, ka ga doki yana zagaya injin matsa, ana zuba mazarƙwaila. Yaran ajina sun san rake kamar yadda na san sunayen kogunan ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Da namu ya nuna, hedimasta ya ce a sare, kowane aji a ba shi nasa. Aka kawo mana dami guda da sassafen wata Alhamis, saura kwana huɗu in miƙa sunayen jarrabawa.

Sai dabara ta zo mini. A kwaleji an koya mana cewa darasi ba ya zama sai yaro ya taɓa shi da hannu. Ga adalci a allo, ga rake a ƙasa. Na ce yau ba sai rabin awar ƙarshe ba, da shi za mu fara.

Na shimfiɗa raken a gaban aji. Na aro adda. Na ɗora rula a kan sanda ta farko daga gindi, na yi alama da alli, na sare. Na matsa, na auna, na sare. Haka na bi kowace sanda tun daga gindi har kai, ƙafa guda ƙafa guda, ba wanda ya fi wani ko da faɗin farce. Don tsari ya yi kyau, na jera gindaye a layi ɗaya, tsakiya a layi ɗaya, kawuna a layin ƙarshe. Sannan na buɗe rajista na fara kiran suna, kowa ya zo ya ɗauki na gaba.

Ajin ya yi tsit, na ɗauka girman darasin ne ya kama su.

Na farko-farko suka koma wurin zamansu suna ɓoye murmushi. Na tsakiya suka karɓa ba yabo ba fallasa. Da aka zo layin ƙarshe sai na ga yara suna tafiya kamar an aike su ɗebo bulala. Aka gama, saura guntu ɗaya, kore shar, siriri, daga can saman sanda. Na 'yar ruga ne, ba ta iso ba tukuna.

Na ɗaga rula na ce, "Kun ga? Kowa ya samu daidai da kowa. Mene ne wannan?"

Sai wata yarinya a bencin baya ta miƙe. Mahaifinta mai injin mazarƙwaila ne, ita kuma bakinta ya fi addar da na aro kaifi. Kan rake ne ya faɗo mata, ta riƙe shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Malam, don Allah in yi tambaya?"

"Yi."

"Laifin me muka yi?"

"Wane irin laifi? Kawo naki in auna. Ga shi, ƙafa guda cif, kamar na kowa."

"Malam, ai ba a shan tsawo. Wannan kai ne. A gidanmu iri ake yi da shi, in ya yi yawa a ba akuya."

"Akuyar ma sai ta yi tunani," in ji wani daga gefe. Ajin ya fashe da dariya.

Na ce rake dai rake ne. Sai ta taho gaban aji, ta fizge guntun ɗan maigari, wanda gindi ne mai kauri, ta haɗa da nata ta miƙo mini.

"Malam, ɗanɗana."

Na ɓare na ɗan maigari na tauna. Zaƙi har cikin kunne. Na ɓare nata na tauna. Ruwa ne kawai, lami, da ɗan ɗanɗanon ciyawa. Na tsaya da baki cike da tuƙa, yara talatin da wani abu suna kallona, jimlata tana bisa kaina cikin layin da na zagaye ta da shi.

Na juya sai ga hedimasta a taga. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

"'Yar nan," ya ce wa yarinyar, "ku a gida yaya kuke yi?"

Ba ta jira an sake tambaya ba. Ta ce kowa ya dawo da nasa. Aka yi 'yar turjiya daga masu gindi, ta ce, "Kai, ɗan maigari, ajiye, ba gadonka ba ne." Ya ajiye. Ta karɓi addar ta raba kowane guntu gaɓa-gaɓa. Ta fara kasawa a kan tabarma, kowane kashi da gaɓar gindi, da ta tsakiya, da ta kai. Inda gindin ya yi kauri sai ta rage tsakiyar, inda tsutsa ta taɓa sai ta ƙara wani. Ba kashi biyu da suka yi tsawo ɗaya. Da na ɗora rula a kai, da duk sun faɗi jarrabawa. Amma ba yaron da ya yi ƙorafi, sai gyara suke mata: "Wancan ya yi ƙasa." "Ƙara wa na gefe."

Da ta gama, ta ɗauki kashi ɗaya mai kyau ta ajiye a kan teburina.

Na ce, "A'a, ni ba na ciki."

"Ba naka ba ne, Malam. Na wadda ba ta iso ba ne. Ai ba a barin wa wanda ke hanya ragowa, nasa ake fara cirewa."

Sannan ta koma gefe ta naɗe hannu. Kowa ya ɗauka, ita ce ta ƙarshe, domin a wurinsu mai kasawa ba ya zaɓe. Ana cikin haka 'yar ruga ta bayyana a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ni. Aka miƙa mata kasonta. Ni kuma hannuna, da ya saba, ya buɗe rajista ya sa alama.

Bayan an tashi, hedimasta ya kira ni inuwar ɗorawa. Na zata zai yi maganar raken. Bai yi ba.

"Malam ƙarami, rular nan taka tana auna hanya?"

"Wace hanya, ranka ya daɗe?"

"Na ga kana son awo ne. Gobe in ka yi asuba, ka je rugar nan ka gaishe da mutumin da ya zo ya gaishe ka. Ka taho tare da yarinyar. Kekena ba shi da lafiya, sai dai ka taka."

Keken nan lafiyarsa ƙalau, na gan shi a kai da yamma.

Washegari na idar da salla na kama hanya. Na bi ta cikin gonakin dawa da aka girbe, na gangara fadama, na cire takalma na tsallake rafi, ruwan sanyi kamar ya cire mini yatsu. Na hau tudu, na sake gangarawa. Rana ta fito kafin in hango bukkoki. Mahaifinta ya tarbe ni ba tare da ya nuna mamaki ba, aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo madara mai ɗumi.

Yarinyar tana cikin garke. Aikinta riƙe maruƙa lokacin tatsa. A saki ɗan maraƙi ya ɗan tsotsa, ta janye shi ta riƙe, a tatsa, ta sake shi, ta kamo na gaba. Ba a fara wannan aiki sai gari ya waye sosai, kuma ba a gaggauta saniya. Na duba agogona sau uku. A na ukun mahaifin ya ce, "Malam, nuna wa shanun agogon, wataƙila su ji maganarka."

Da aka gama ta wanke hannu, ta ɗauki allonta, muka taho. Ba tafiya take yi ba, sassarfa ce, ni ina bayanta ina haki da takalma a hannu. Muna tsakiyar rafi na ji ƙarfen dogon nan yana kuka daga nesa. Ko juyowa ba ta yi ba. Na gane a daidai wannan wuri take jin sa kowace safiya, ruwa har gwiwa, ta kuma san abin da ke jiran ta a rajista, amma ba ta taɓa komawa gida ba.

Muka iso an shiga aji. Hedimasta ne zaune a kujerata, da rajista a buɗe. Na tsaya a bakin ƙofa, wandona jiƙe, kusa da ɗalibata.

"Malam ya makara!" in ji 'yar mai mazarƙwaila. "Ranka ya daɗe, a sa masa. Daidai da kowa!"

"Haka aka rubuta a allo," in ji hedimasta. Ya tsoma alƙalami a tawada, ya rubuta sunana a ƙasan na yara, ya sa mini alama ɗaya mai kyau.

Ranar ban koyar da lissafi ba. Na tambayi kowane yaro daga ina yake tahowa da abin da yake yi kafin ya taho. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Akwai uku daga unguwannin hanyar Taba da su ma shingensu ya fara tsawo. Ɗan maigari kuwa, da nake alfahari da alamarsa, daga ɗakinsa yana iya jin tarin hedimasta.

Na ce to, yaya za mu kasa wannan? Suka yi ta musu kamar dattawa a fada. A ƙarshe aka tsaya a kan ƙararrawa biyu. Ta farko ta 'yan cikin gari, su yi shara su yi layi. Ta biyu bayan rabin awa, ta masu nisa, daga ita ake fara sa alama.

"Mu yi shara su zo su zauna?" in ji 'yar mai mazarƙwaila. "Ba mu yarda ba. Ai ta fadama suke biyowa. Su riƙa yanko mana tsintsiya."

Aka amince. Ban taɓa ganin makarantar da ta kai tamu yawan tsintsiya ba.

Saura tsofaffin alamomin. Ban goge su ba, rajista ba a kankare ta. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya da sabon awo, ina tambayar kaina, da akwai ƙararrawa ta biyu, da 'yar ruga ta makara? Kwana biyu kawai na samu, ranakun da rafi ya cika. Na rubuta bayani a gefen shafi, na sa hannu. Ranar Litinin na kai wa hedimasta sunaye, nata na uku daga sama.

Jimlar allo kuwa, ni na goge ta da hannuna, har layin da ya zagaye ta. Na so in maye gurbinta da wata mai kyau irinta, na yi ta juyawa, duk wadda na rubuta sai in ga inda 'yar mai mazarƙwaila za ta miƙe ta ce tana da tambaya. Shekaru da yawa na ci gaba da koyar da wannan batu a makarantu dabam-dabam, har Ikara da Makarfi, ban sake samun jimla ɗaya da ta ishe ni ba. Sai dai in jira lokacin rake, in sayo sanda biyu, in miƙa wa yara adda, in koma gefe.

Sakamako ya fito bayan hutu. 'Yar ruga ta ci. Ranar da motar da za ta kwashe su zuwa babbar firamare ta zo, mahaifinta ya rako ta da ɗan akwati a ka, da ƙwaryar nono da ya ce a ba Malam. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan takalmana.

"Sun bushe?"

Na ce sun bushe.

"To, maruƙa sun rasa mai riƙe su. In Malam yana da lokaci da safe, ya san hanya."

Yarinyar ta durƙusa ta yi mana sallama, ta hau. Motar ta tashi, muka tsaya muna kallo har ta sha kwana. Hedimasta yana gefena, hannuwansa a baya. Bai dube ni ba, ya ce, "To, madalla."

Wannan karon na gane wacce ce.